Mura ce ta taɓa wa Baba zuciya, ko dama ciwon yana nan?

Tambaya: Likita, daga Agege nake rubutowa. Mahaifina yana da shekara 64, yana sana'ar albasa a kasuwar Mile 12, kuma ya daɗe yana shan maganin hawan jini. A daminar nan mura ta kama shi da zazzaɓi da ciwon jiki, muka sayo masa magani a kemis. Bayan kwana biyar sai ƙafafunsa suka kumbura, in ya kwanta numfashi ya gagare shi. A asibiti aka ce zuciyarsa ce ta gaza. Yanzu da sauƙi, an sallamo shi. Murar ce ta jawo, ko dama ciwon yana nan? Kuma an ce mana akwai allurar rigakafin mura. Tana da amfani a nan Legas da ba a yin sanyi irin na Turai?

Amsa: Malam, Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ya sa kaffara ne. Ciwon yana nan tun da daɗewa, murar ce ta tono shi. Hawan jini na shekara da shekaru yakan sa naman zuciya ya yi kauri ya ƙage, ko ya saki har ƙarfin harba jini ya ragu. Duk da haka mutum yana harkokinsa bai sani ba, domin zuciyar tana iya ɗaukar nauyin yau da kullum, a je masallaci, a je kasuwa, a dawo gida. Kamar ƙaramin janareta ne da ke riƙe fanka da fitila lafiya lau, ranar da aka jona masa dutsen guga ranar za a ji muryarsa ta sauya. Zazzaɓin mura ya ɗora wa zuciyar Baba abin da ya fi ƙarfinta.

Ba kowace mura nake nufi ba. Akwai wadda ke zuwa a hankali, hanci ya toshe, a yi atishawa, majina ta zuba, mutum ya ci gaba da sabgarsa. Akwai kuma infuluwenza, wadda ke faɗo wa mutum farat ɗaya. Da safe ya fita lafiya, kafin la'asar yana rawar sanyi, kai na sarawa, gaɓoɓi na ciwo, ga busasshen tari da kasalar da ko alwala sai an kama shi. Ƙwayar bairos ce ke kawo ta, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta tana kashe mutum 290,000 zuwa 650,000 duk shekara ta hanyar cututtukan numfashi kaɗai, ban da waɗanda zuciya ta kai su ƙasa. Yadda ka kwatanta ta Baba, da zazzaɓi da ciwon jiki, ta fi kama da wannan.

Abin da ke faruwa a cikin jiki ba ɗaya ba ne, taron dangi ake yi wa zuciyar. Duk lokacin da zafin jiki ya ƙaru da digiri ɗaya, bugawar zuciya kan ƙaru da wajen sau 10 a minti. Mai zazzaɓi mai zafi yana kwance a gado, amma zuciyarsa tana aikin mai sauri a ƙafa, dare da rana babu hutu. A daidai lokacin huhun da ya kamata ya ba ta iskar oksijin ya kumbura, ya cika da majina, abin da yake bayarwa ya ragu. An ƙara mata aiki, an rage mata abinci. Mai lafiyayyar zuciya zai wuce wannan ba tare da ya lura ba. Wadda hawan jini ya riga ya gajiyar sai ta kasa kwashe jinin da ke dawo mata, ruwa ya fara taruwa a huhu da ƙafafu. Shi ya sa Baba ya kasa kwanciya. In mutum ya miƙe a gado, ruwan da ya taru a ƙafa yakan koma cikin jijiyoyi ya nufi ƙirji, sai ya ji kamar an shaƙe shi, ya tashi zaune yana neman taga.

Hanya ta biyu ta fi ban tsoro don ba ta yin sallama. Jiki yana yaƙar bairos da kumburi, kuma kumburin ba ya tsayawa a maƙogwaro da huhu, yana bin jini ko'ina. Masu hawan jini da ciwon suga da masu shan taba sukan tara kitse a bangon jijiyoyin da ke ciyar da zuciya da ƙwaƙwalwa. Kitsen yana iya zama shekaru a lulluɓe da siririyar fata bai dami kowa ba. Kumburi yakan raunana wannan fatar, kuma a lokacin jini ya fi saurin daskarewa, ballantana mutum ya yi ta gumi bai sha ruwa ba. Fatar na tsagewa gudan jini ya toshe wurin. In a zuciya ne, bugun zuciya ke nan. In a ƙwaƙwalwa ne, shanyewar ɓarin jiki.

Wannan ba hasashe ba ne, an ƙirga. A 2018 masu bincike a lardin Ontariyo na Kanada suka ɗauki mutanen da gwaji ya tabbatar sun kamu da infuluwenza, suka duba kwanciyar asibiti 364 da aka yi musu saboda bugun zuciya. Suka tarar haɗarin ya ninka sau 6 a kwana bakwai na farko, in aka kwatanta da sauran makonnin shekarar da ta gabata da wadda ta biyo baya. Da makon ya wuce, haɗarin ya koma yadda yake. Tun 2004 wani bincike a Ingila ya nuna a kwana uku na farkon ciwon da ya shafi numfashi, bugun zuciya kan ninka kusan sau 5, shanyewar ɓarin jiki kuma sau 3. A Amurka an duba manya sama da 80,000 da aka kwantar saboda infuluwenza, kusan ɗaya cikin kowane takwas ya samu matsalar zuciya ta gaggawa, kuma wadda ta fi yawa ita ce gazawar zuciya, irin ta Baba.

Wannan na ƙarshe shi ya fi shafarmu. A Turai in an ce mura da zuciya, hankalin likita kan tafi ga toshewar jijiya. A nan labarin ya ɗan bambanta. Wani bincike da aka wallafa a 2012 ya bi masu gazawar zuciya 1,006 a ƙasashe 9 na Afirka, har da Najeriya. Matsakaicin shekarunsu 52 ne kacal. Hawan jini ne sanadi a kashi 45 cikin 100, toshewar jijiyar zuciya ba ta kai kashi 8 ba. Saboda haka mutumin Agege ko Idi-Araba da mura ta taɓa wa zuciya, da wuya ka gan shi ya dafe ƙirji ya faɗi. Abin da za ka gani shi ne silifas ya daina shiga ƙafa, ya fara kwana a kan kujera ko ya tara filo uku, ya je banɗaki ya dawo yana haki. Danna babban yatsanka a kan ƙashin ƙwaurinsa, ka riƙe kaɗan, ka ɗaga. In wurin ya lotsa ya ƙi dawowa nan take, ruwa ne. Mutanen gida kuwa sai su ce murar ce ta sauka ƙirji, a ƙaro maganin tari.

Ka ambaci kemis, kuma a nan zan ɗan daɗe, don a ganina rabin ɓarnar daga nan take. Abin da ake ba mai mura sau da yawa haɗi ne, ƙwayoyi huɗu ko biyar a ƙulle a leda, fari da ja da ruwan ɗorawa, babu kwali babu suna, a ce sha uku safe uku dare. A cikin irin wannan haɗi abu biyu ne ke cutar da mutum irin Baba. Na farko maganin buɗe hanci. A jikin kwali za ka ga an rubuta pseudoephedrine ko phenylephrine. Aikinsa matse jijiyoyin jini don hanci ya sarara, amma ba jijiyoyin hanci kaɗai yake matsewa ba, don haka jini yana hawa, zuciya tana ƙara gudu. Yawancin magungunan mura da ake talla suna ɗauke da ɗaya daga cikinsu, wasu har da sinadarin kafeyin da ke cikin kofi na sha. Na biyu maganin ciwon jiki dangin ibuprofen da diclofenac da piroxicam. Waɗannan suna sa ƙoda ta riƙe gishiri da ruwa, suna rage ƙarfin maganin hawan jini da na sa fitsari. Mai raunanniyar zuciya ya sha su kwana biyar a jere ga zazzaɓi, kumburin ƙafa ba abin mamaki ba ne. Ba ina cewa mai kemis mugu ba ne. Ba a gaya masa mai hawan jini za a kai wa ba, shi ma bai tambaya ba.

Don zazzaɓi da ciwon jiki, farasitamol ya wadatar, bisa ƙa'idar da ke jikin kwali. Hanci kuma ɗigon ruwan gishiri na famasi ya isa. Shayin citta da lemon tsami da zuma babu laifi, yana sanyaya maƙogwaro, sai dai mai ciwon suga ya lura da zumar. Sirace yana sassauta hanci amma ba ya kashe bairos, kuma dattijo mai ciwon zuciya ya lulluɓa da bargo a kan tukunyar ruwan zafi yana iya ganin jiri ya faɗi. Maganin kashe ƙwayoyin bakteriya, irin kafso ɗin da ake haɗawa da komai, ba ya taɓa bairos ko kaɗan. Wasu daga cikinsu, kamar clarithromycin da erythromycin, suna karo da magungunan rage kitse na masu ciwon zuciya, suna kuma iya rikita bugawarta. Likita ne zai rubuta su in an ga nimoniya, wato ciwon huhu, ta hau kai.

Akwai maganin infuluwenza na gaskiya, oseltamivir, wanda aka fi sani da Tamiflu, amma ya fi aiki in an fara shi cikin sa'a 48 da soma ciwo. Mu kuwa duk zazzaɓi sunansa maleriya, in ya ƙi tafiya ya zama taifod. Kafin a gama kwana ukun maganin maleriya, lokacin ya wuce. Gwajin maleriya na ɗigon jini a yatsa bai fi minti 20 ba. In ya nuna babu, ga tari ga ciwon jiki, mutum kuma yana da ciwon zuciya, a ga likita a ranar, kada a jira a ga abin da gobe za ta yi.

Abu biyu da ake yi da kyakkyawar niyya su ma suna kai mutane asibiti. Ɗaya shi ne ajiye maganin hawan jini da na zuciya wai kada magani ya yi yawa a ciki. A makon da zuciya ta fi buƙatarsu ne ake janye mata su. Kada a daina, sai fa in akwai amai ko gudawa ko mutum ya kasa cin komai, nan a kira likitansa, don maganin sa fitsari irin su Lasix da wasu na hawan jini da na suga kan buƙaci gyara in jiki ya bushe. Ɗayan shi ne farfesu. Ana so mara lafiya ya ji ɗanɗano, sai a zuba magi da gishiri fiye da kullum, a bi shi da "sha ruwa da yawa". Wannan shawara ta masu lafiyayyar zuciya ce. Wanda aka ƙayyade wa ruwa ya tsaya a kan abin da aka ƙayyade masa. Hatta ƙwayar bitamin C mai narkewa tana kumfa a kofi tana ɗauke da sinadarin gishiri mai yawa. In kuna da sikeli a gida, Baba ya riƙa hawa kowace safiya bayan ya yi fitsari. Ƙarin kilo 2 cikin kwana uku ruwa ne, ba ƙiba ba, kuma yakan bayyana a sikeli kafin ya bayyana a ƙafa.

Akwai alamun da ba a kwana da su. Nauyi ko matsi a tsakiyar ƙirji da ya wuce minti 15, musamman in yana tafiya hannu ko muƙamuƙi ko baya, da gumi mai sanyi. Haki alhali mutum yana zaune. Tari mai kumfa, fari ko mai jaja-jaja. Suma, ruɗewa, karkacewar baki, ko hannu ya mutu. Zuciya na bugawa barkatai. Zazzaɓin da ya tafi ya dawo da ƙarfi. Masu ciwon suga da mata da tsofaffi sau da yawa ba sa jin ciwon ƙirjin ma, sai zafi a saman ciki da tashin zuciya, a ce ulsa ce ta motsa. A Legas cunkoson hanya yana cikin lissafi, don haka gara a fita da wuri a je a ce ba komai. Lambobin gaggawa na jihar 112 ne da 767. A nufi asibitin da ke da na'urar gwajin zuciya da oksijin. Daga Agege, asibitin koyarwa na jiha da ke Ikeja ya fi kusa, na tarayya kuma yana Idi-Araba.

Yanzu batun allura. Eh, akwai ta, kuma shawarata Baba ya yi. Amma bari in faɗa maka abin da aka gani daidai, ba tare da ƙari ba. A 2021 aka fitar da sakamakon wani gwaji da likitocin Suwidin suka jagoranta a kan mutum 2,571, kusan dukkansu waɗanda bugun zuciya ya kwantar. Rabi aka yi musu allurar mura kafin a sallame su, rabi aka yi musu ta ruwan gishiri da ba magani a cikinta, don a kwatanta. Bayan shekara ɗaya, kashi 2.9 cikin 100 na masu allurar ne suka rasu, a ɗaya ɓangaren kashi 4.9. Ga allura guda a shekara, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Wanda ya fi kusa da halin Baba shi ne gwajin da aka wallafa a 2022, na masu gazawar zuciya 5,129 a ƙasashe 10 na Asiya da Gabas ta Tsakiya da Afirka, kuma asibitocin Najeriya na ciki. In aka haɗa shekara gaba ɗaya, allurar ba ta nuna bambanci a fili ba wajen rage bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki da mutuwar da ta shafi zuciya. Amma nimoniya ta ragu da kashi 42 cikin 100, kwanciyar asibiti ta ragu da kashi 16, kuma a watannin da murar ke yawo sosai mace-macen ma sun ragu. Ni dai a wurina, abin da zai rage wa dattijo komawa gadon asibiti ya cancanci kuɗinsa. Sai dai in aljihu ya ce a zaɓi ɗaya tsakanin allurar da maganin hawan jini na wata-wata, maganin ne gaba, babu ja.

Maganar cewa ba ma sanyi, ai ba sanyi ke kawo ta ba, mutum ne ke ba mutum. A ƙasashen sanyi tana da lokacinta, ta zo da hunturu ta tafi. A ƙasashe masu zafi irin tamu tana yawo duk shekara, ta yi sama ta yi ƙasa, kuma mu nan mun fi jin jikinmu da damina da lokacin hazo. Legas ta san ta tun tuni. Babbar annobar 1918 ta tashar jirgin ruwan Legas ta shigo a watan Satumba, ta bi layin dogo ta isa Arewa, kuma masana tarihi sun ƙiyasta ta kashe wajen mutum 500,000 a Najeriya. Tun 2008 ake sa ido a kan infuluwenza a ƙasar nan ta wasu zaɓaɓɓun asibitoci, ciki har da na koyarwa na Ikeja da na Malam Aminu Kano, kuma ana samun ƙwayar a gwaji. Wanda ya taɓa shiga danfo ana ruwa, an rufe tagogi, mutum goma sha wani abu suna shaƙar numfashin juna daga Oshodi har Agege, ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani.

Allurar ba ta cikin waɗanda gwamnati ke yi kyauta, sai a asibitoci masu zaman kansu da wasu manyan famasi. Duk shekara ake sabuntawa, don ƙwayar tana sauya kama. Tana ɗaukar wajen mako biyu kafin ta fara kariya. Ƙwayar da ke cikinta matacciya ce, ba za ta sa masa mura ba, iyaka dantse ya yi tsami kwana ɗaya ko biyu. Ba ta hana murar hanci ta yau da kullum, kada ya yi atishawa a wata mai zuwa ku ce an cuce ku. A bari zazzaɓi ya sauka kafin a yi. A duba ranar lalacewa a jikin kwalba, a kuma tabbata daga firji aka ciro ta, don tana buƙatar sanyin digiri 2 zuwa 8, kuma ka san halin wutarmu. Ku tambayi likitansa batun allurar nimoniya a zama ɗaya. In yana da niyyar Hajji ko Umara, ma'aikatar lafiya ta Saudiyya ma tana ba mahajjata shawarar yin ta mura kafin tafiya, kuma duk wanda ya taɓa tarbar alhazai ya san tarin da suke dawowa da shi.

A gida, mai mura yana iya yaɗa ta tun kwana ɗaya kafin ya ji alama, har zuwa kwana biyar ko bakwai bayan haka, yara kuma sukan wuce nan. Jikoki ne kan kawo ta daga makaranta. Wanda ke tari kada ya kwana ɗaki ɗaya da Baba, a buɗe taga, a wanke hannu, a raba kofi. Shi ma in ya ji zazzaɓi ya yi sallarsa a gida, malamai sun yi bayanin rangwamen da mara lafiya yake da shi. Kasuwa kuma a bar yara su riƙe har sai ya iya zagaya unguwa ba haki.

Kai ma da kake matashi ba ka fita ba. Jefi-jefi bairos kan kumbura naman zuciyar kanta, ko da mutum bai taɓa ciwon komai ba. Waɗanda nake ji wa tsoro su ne 'yan dako da masu tura baro da 'yan ƙwallo, masu haɗiye ƙwaya da lemon ƙara kuzari su koma ƙarƙashin buhu da zazzaɓi a jiki. A jira zazzaɓi ya sauka da kansa, ba da ƙarfin magani ba, a ƙalla kwana ɗaya cur, sannan a koma aiki a hankali. Ciwon ƙirji ko faɗuwar gaba ko haki bayan mura, a je a yi gwajin zuciya. Wanda aka tabbatar masa da wannan kumburi akan hana shi aikin ƙarfi wata 3 zuwa 6.

Mata masu ciki suna sahun farko na waɗanda ake so su yi allurar mura, kuma ana yin ta a kowane wata na ciki. Sannan akwai gazawar zuciya mai zuwa gab da haihuwa ko watannin bayanta, wadda Arewa maso Yammacin Najeriya na cikin wuraren da ta fi yawa a duniya, likitocin Zariya suna rubutu a kanta tun shekarun 1970. Mai jego da ke tari da dare, tana haki, ƙafa a kumbure, kada a ce mura ce ko sanyin jego a ƙara mata kunun kanwa, don kanwa gishiri ce. A kai ta a yi mata hoton zuciya.